Bak da Ƙofar Jami'a: Tarihin Ma'aunin da Ake Auna Ɗan Lise da Shi

A kowace shekara, idan damina ta kankama gero ya fara rufe ƙasa, akwai wani yammaci da farfajiyar manyan lise ke cika maƙil da jama'a: Issa Korombe a Yamai, Ɗan Baskore a Maraɗi, Amadu Kuran Daga a Damagaram, Agabba a Tawa. Shugaban alƙalan jarrabawa yakan fito da takarda a hannu, ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da darajar da mai shi ya samu. Nan guɗa ta tashi, can wata ta faɗi sumammiya, wasu kuma su ji an ce su dawo zagaye na biyu. Kafin taron ya watse ba a rasa uban da zai ja malamin ɗansa gefe, ya rage murya, ya ce: "Mushe, to yanzu fa? Za su ɗauke shi karatun likita? Zai samu burs?"

Malamin da ya san aikinsa ba ya gaggawar amsawa. Yakan tambayi seri ɗin yaron, A ne ko C ko D. Ya dubi makinsa bisa 20, ya dubi abin da ya ci a lissafi da kimiyyar halittu. Ya tambayi shekarar haihuwarsa. Daga nan ya tambayi abin da ba a rubuta a kowace takarda ba, wato ko akwai dangin da za su riƙe yaron a garin da jami'ar take. Wannan lissafi da malamai ke yi a tsaye cikin minti biyar yana da tarihin da ya haura shekara 200, kuma ba a ƙasar nan aka fara shi ba. Kowace tambaya cikin tambayoyin nan akwai zamanin da ya haife ta.

Ranar 17 ga Maris 1808 Napoleyon ya sa hannu a dokar da ta tsara jami'ar daularsa. Dokar ta kafa darajoji uku: bakaloriya, lisansi da dokta. Abin da ɗalibai da yawa ke cin bak ba su taɓa ji ba shi ne, a idon wannan doka bakaloriya ita ce daraja ta farko ta jami'a, ko da yake a ƙarshen lise ake zaunawa a yi ta. Shi ya sa har yau malamin jami'a ne ke shugabantar alƙalan jarrabawar, a Faransa da Nijar baki ɗaya. Shi ya sa kuma aka daɗe jami'ar Yamai ce da kanta ke shirya bak, kafin a kafa masa ofishi na musamman. Ma'anar tsarin mai nauyi ce. Wanda ya ci bak ya riga ya sa ƙafa ɗaya cikin jami'a, idan ya je yin rajista haƙƙinsa ya je karɓa.

A zaman farko, na 1809, mutum 31 ne kacal suka samu takardar a duk faɗin Faransa. Jarrabawar baka ce zalla: ɗalibi ya zauna gaban malamai suna yi masa tambayoyi kan marubutan Girka da na Rum, kan balaga da falsafa, sai a 1830 aka shigo da rubutu. Daula ba ta da damuwar cunkoso. Abin da take bukata ƴan tsirarun alƙalai ne da likitoci da malamai da ma'aikatan mulki, kuɗin lise kaɗai kuma ya isa ya tace jama'a tun kafin a kai ga jarrabawa. Alkawarin cewa kowane mai bak yana da gurbi alkawari ne mai araha a zamanin da masu bak na shekara guda ba su cika aji ɗaya ba. Mata kuwa babu dokar da ta hana su, babu kuma wanda ya zaci za su nema. Julie-Victoire Daubié ce ta fara, a Liyon, cikin Agustan 1861, tana da shekara 37. Ta ci, amma ministan ilimi ya yi watanni yana jan ƙafa kafin ya sa wa takardarta hannu, kuma sai a 1924 aka daidaita karatun sakandare na ƴan mata da na samari.

Faransa ta kuma yi wa kanta wata dabara da ya kamata a fahimta, domin Nijar ta gaje ta. Ta bar babbar ƙofar jami'a a buɗe, ta gina ƙananan ƙofofi a gefe, wato manyan makarantu irin su Polytechnique da École normale supérieure, waɗanda ba a shiga sai da konkur. Tsakanin jarrabawa da konkur akwai tazara. A jarrabawa, duk wanda ya kai 10 bisa 20 ya haye, ko su dubu nawa ne. A konkur gurabe ƙidayayyu ne: idan kujeru 40 ne, na 41 ya faɗi ko da 15 ya ci. Da haka ƙasar ta riƙa alfahari da cewa jami'arta ba ta zaɓe, alhali inda ake rabon manyan muƙamai zaɓen ya fi na ko'ina tsanani.

Da Nasara suka kafa lakkwal a yammacin Afirka, konkur suka kawo, bak kuwa suka bar shi a gida. Yaron da ya yi fice a makarantar yanki yakan wuce babbar firamare ta Yamai. Wanda ya yi fice a can ya shiga gasar makarantar William Ponty, wadda aka kafa a Saint-Louis a 1903, aka mai da ita tsibirin Gore a 1913, daga baya Sebikotan a 1938. Daga dukkan ƙasashen da ke ƙarƙashin gwamnan Dakar ake tsinto ɗalibanta, a raba su sashe uku: koyarwa, aikin mulki da share fagen likitanci. Bubu Hama, malamin lakkwal na farko ɗan Nijar, wanda ya fara aiki a 1929, can ya fito. Haka Diori Hamani da Djibo Bakari. Babu mai musun hazaƙar waɗannan mutane, ko tsananin gasar da suka tsallake. Amma takardar Ponty ba bak ba ce, ba ta buɗe ƙofar kowace jami'a a Faransa. An auna su da ma'auni mafi tsauri, aka ba su tsanin da ke ƙarewa a tsakiyar bango. Wanda ya bi ta makarantar likitanci ta Dakar, da aka buɗe a 1918, yana iya riƙe asibitin gari guda shi kaɗai, ya yi fiɗa, ya yaƙi sanƙarau, amma a takarda mataimaki ne ga likitan Nasara.

Lise na gaskiya, masu kai ɗalibi ga bak, kafin yaƙin duniya na biyu a Senegal kaɗai suke, a Saint-Louis da Dakar, galibi don ɗiyan Nasara da na mazauna garuruwa huɗun nan da aka ba ƴancin zama ƴan ƙasar Faransa. A wancan zamani, da uba zai tambayi malami ko ɗansa zai kai jami'a, amsar ba ta bukatar duba maki. Wurin haihuwa ya riga ya yanke hukunci.

Bayan taron Brazabil na 1944 da dokar 1946 da ta soke matsayin talakan mulkin mallaka ne bango ya fara tsagewa. Aka shimfiɗa tsarin karatun Faransa a kwalejoji, aka buɗe cibiyar manyan karatu a Dakar a 1950, ta zama jami'a a 1957. Hanyar da Abdu Mumuni ya bi ta isa misalin wannan tsaka-tsakin zamani. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi firamare a Damagaram, ya wuce Yamai, ya ci gasar Ponty. Da ya gama bai tsaya inda magabatansa suka tsaya ba, ya shiga lise a Dakar domin ya samu bak, daga nan ya wuce Paris, inda a 1956 ya ci agiregasiyon a kimiyyar fizik. A ƙirga garuruwan: Tasawa, Damagaram, Yamai, Sebikotan, Dakar, Paris. Kowane mataki yana ƙara nisanta yaro da gida, kowane mataki kuma akwai rariya. Mutum nawa masu irin kansa suka maƙale a mataki na biyu ko na uku, saboda uba ya ce a dawo gona, ko saboda shekarar nan gurbin Nijar ya cika? Shi kansa bai ɗauki nasararsa hujjar kyawun tsarin ba. A littafinsa L'Éducation en Afrique, da ya fito a 1964, ya tuhumi lakkwal ɗin mulkin mallaka da tace ƴan tsiraru don hidimar mai mulki, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu.

Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakkwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma wanda ke son bak sai ya tafi Yamai. Wanda ya samu, sai ƙasar waje: Dakar, Abijan, Faransa. Abin da ya faru a Dakar cikin Mayun 1968 ya nuna haɗarin dogara da rumbun maƙwabci. Ɗalibai suka yi yajin karatu kan rage kuɗin burs, gwamnatin Senghor ta tura jami'an tsaro harabar jami'a, ta rufe ta, ta kwashe ɗaliban ƙasashen waje ta mai da su gida. Cikin ƴan shekaru kowace ƙasa ta nemi tata: Dahome da Togo a 1970, Nijar ta buɗe cibiyar karatun gaba da sakandare a 1971, wadda ta zama jami'ar Yamai a 1973, masanin lissafi Bubakar Ba ne shugabanta na farko. An gina ta a ƙetaren kogin Isa, a Harobanda, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ke haɗa ta da gari. Abdu Mumuni ya shugabance ta daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa mata sunansa a 1992.

Shekarun 1970 su ne zamanin da tsofaffin ma'aikata ke tunawa da shauƙi, kuma ba su yi ƙarya ba. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuɗinsa ya tashi, baitulmali ya samu sarari. Ƙasa na neman ɗiyanta da za su maye gurbin Nasaran da ke koyarwa a lise, suke riƙe da asibitoci da ofisoshi. Masu bak ba su da yawa, saboda haka bak ya zo da abubuwa uku a ƙunshi ɗaya: gurbin karatu, burs, da aikin gwamnati bayan an gama. Sai dai akwai abin da masu shauƙin ke mantawa. Gwamnatin da ke biya ita ke zaɓa. Kwamiti ke zama ya dubi bukatun ma'aikatu, ya rarraba ɗalibai: wannan aikin gona, wancan koyar da lissafi, wane Aljeriya, wane Tarayyar Sobiyet. Yaron da ya kwana yana mafarkin zama lauya yana iya farkawa an rubuta shi likitan dabbobi. A wancan lokaci tambayar uba ba ta wuce ina za a tura shi ba, kuma malamai da yawa da suka koyar da masu karanta wannan mujalla ta wannan hanya suka tsinci kansu da alli a hannu. Wasu sun so aikin daga baya. Wasu har suka yi ritaya ba su yafe ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, fari ya dawo a 1984, bashi ya taru, masu ba da lamuni na duniya suka shigo da sharuɗɗansu. Hujjarsu a fannin ilimi ita ce, kuɗin da ake kashewa kan ɗalibin jami'a guda zai ɗauki nauyin yaran firamare masu yawa, a ƙasar da akasarin yara ba su taɓa shiga aji ba. Don haka a rage burs, a daina ɗaukar kowa aiki. Hujjar ba banza ba ce, duk malamin da ya taɓa koyarwa a rumfar zana ya san haka. Amma ga ɗan talakan da ya rarrafo daga ƙauye har ya kai aji na ƙarshe, burs shi ne abinci, shi ne kwana, shi ne ɗan abin da ake aika wa tsohuwa. In an cire shi, buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta da amfani. Ranar Jumma'a 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka taso daga jami'a za su shiga gari, jami'an tsaro suka tare su a gadar Kennedy, suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Daga wannan rana zuwa babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi André Salifou, hanya miƙaƙƙiya ce. Ba kasafai ake tunawa ba cewa cikin tushen dimokuraɗiyyar ƙasar nan akwai gardama kan wa zai yi karatun jami'a, wa zai biya.

Shekara uku da ƴan watanni kafin haka, Faransa ta ga irin nata. A 1986 minista Alain Devaquet ya kawo daftarin dokar da za ta ba jami'o'i damar zaɓen ɗalibai. Dubban ɗaruruwan ɗaliban lise da na jami'a suka fito titi. Daren 5 zuwa 6 ga Disamba ƴan sanda suka doki wani ɗalibi mai shekara 22, Malik Oussekine, har ya mutu. Ministan ya yi murabus, aka janye daftarin. Shekara 30 bayan haka babu gwamnatin Faransa da ta yarda ta furta kalmar zaɓe a fili.

A Nijar ba a soke haƙƙin mai bak ba. Ƙunshin ne ya kwance. Aikin gwamnati ya fara zamewa, aka koma bautar ƙasa da kwantaragi. Burs ya zama abin da ake nema da sharaɗi, maki da shekaru, hukumar ANAB ce ke rabonsa. Shekarun 1990 suka zo da yajin aiki, da albashin da ake bin bashi, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin karatu a Faransa dare ɗaya. Gurbin karatu kaɗai ya rage, shi ma a jami'a guda da aka gina don ƴan tsiraru. Jami'ar Musulunci ta Say, da ta buɗe a rabin ƙarshe na shekarun 1980, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce, ɗalibanta daga ƙasashe da yawa suke. Kusan shekara 40 duk ɗan Difa ko ɗan Bilma da ya ci bak, in ba waje zai fita ba, Harobanda zai nufa, ya nemi wurin shimfiɗa tabarma a ɗakin wani.

An buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a a Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2008, suka zama cikakkun jami'o'i a 2010. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Sunayen da aka ba wasunsu tarihi ne a kan kansa: Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, Bubakar Ba a Tilaberi, wato mutanen da suka yi doguwar tafiyar nan ta neman ilimi a ƙasashen wasu. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga ƴan mata, domin uban da ba zai bar ɗiyarsa ta tafi Yamai ba yana iya barin ta ta je jami'ar da ke bayan gari ta dawo gida da magariba. Amma jami'o'in ba kowane fanni suke koyarwa ba, kuma jama'ar ƙasa, da ba ta kai miliyan 4 ba a 1960, ta haura miliyan 17 a ƙidayar 2012, yau ta wuce miliyan 25. Ana gina aji, kafin fenti ya bushe ya cika. Shekarun karatu suna hawa kan juna, lisansin shekara uku ya ci huɗu ko biyar. Cikin Afrilun 2017 an sake rasa ran ɗalibi a Yamai a wata zanga-zanga kan yanayin karatu da burs.

Ita ma Faransa alkawarin 1808 ya yi mata nauyi. A 1985 minista Chevènement ya ɗora burin kai kashi 80 cikin 100 na matasa matakin bak, a lokacin da masu samun sa ba su wuce kusan uku cikin goma ba. Yau an kusa cimma burin, kuma tun 2020 masu cin jarrabawar sun haura kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka zauna. Da gurabe suka kasa a wasu fannoni, irin su ilimin wasannin motsa jiki, doka kuma ta hana zaɓe, sai na'urar rajista ta koma jefa ƙuri'a: a 2017 an ga ɗalibai masu kyakkyawan maki sun rasa gurbi saboda sa'a ba ta faɗo kansu ba. Abin kunyar ya kai ga kafa tsarin Parcoursup a 2018, inda ake duba makin ɗalibi na shekarun lise, da ra'ayin malamansa, da wasiƙar da ya rubuta. Zaɓen da aka kora ta ƙofa a 1986 ya dawo ta taga, da sabon suna.

A Nijar lamarin ya sha bamban. A shekaru da dama na baya-bayan nan, masu cin bak suna tsakanin ɗaya cikin huɗu ne da ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna. Wato jarrabawar da kanta tana aikin konkur ba tare da an kira ta haka ba. Kuma waɗanda suka zauna ɗin su ne ragowar rariya bayan rariya. Babban hukunci ma ba a ajin ƙarshe ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne bayan birbe, ranar da aka rubuta yaro ɓangaren adabi ko na kimiyya. Haruffan A, C da D gadon gyaran da Faransa ta yi ne a shekarun 1960. Ita ta yar da su a tsakiyar shekarun 1990, nan kuwa suna nan daram. Ɗan seri A ya yi ban kwana da likitanci da injiniyanci yana ɗan shekara 16, ko da daga baya kansa ya buɗe. Seri C, mai buɗe kusan kowace ƙofa, ajinta ba ya cika, kuma lise da yawa na karkara ba su da ita sam, domin babu malamin lissafi ko na fizik da zai riƙe ta. Yaron da bai zaɓi garin haihuwarsa ba, bai zaɓi malamin da aka turo ko aka kasa turowa ba, shi ne a ƙarshe ake cewa makinsa ya nuna iyakar ƙoƙarinsa.

Sai maganar harshe, wadda malaman Faransanci suka fi kowa sani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a makaranta, kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Duk da haka ɗalibin da ke zaune gaban takardar falsafa, awa huɗu, da Faransanci zai yi gardama, in ba ɗan makarantun Faransanci da Larabci ba ne. Mai gyaran takarda yana ganin tunani mai kyau ya maƙale cikin jimla karyayya, ya rasa wanne zai ba maki. Maki biyu da aka rasa a nan, idan aka ninka su da nauyin da darasin ke da shi a seri A, suna iya hana ɗalibi kai 12, wato iyakar da ke tsakanin wucewa kawai da darajar farko ta yabo. 14 da 16 su ne na sama da ita. A kan irin wannan tazara burs ke tsayawa ko ya faɗi.

Wasu ƙasashe sun yarda a fili cewa maki ɗaya ba nauyi ɗaya gare shi a ko'ina ba. A Najeriya, da Maraɗi ke kallo ta Katsina, an kafa hukumar JAMB a 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'a dabam da ta gama sakandare, ƙa'idar jami'o'in tarayya kuma ta kasa gurabe uku: kashi 45 don cancanta zalla, 35 don yankin da jami'ar take, 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ana sukar tsarin ƙwarai, amma ya ambaci ciwon da sunansa. A Amurka, jihar Texas ta yi doka a 1997 cewa duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na sama a makarantarsa yana da gurbi a jami'o'in jiha, ko makarantar ta attajirai ce ko ta ƙauye. Daga baya babbar jami'ar Austin ta matse kason saboda cunkoso. Hikimar ita ce a auna yaro da waɗanda suka sha rana ɗaya da shi. Da za a gwada irin wannan a nan, na ɗaya a lisen Tanut ko na Dakwaro ba zai tsaya bayan na talatin a makarantar kuɗi ta Yamai ba. Gadon Napoleyon bai san wannan lissafi ba: takarda ɗaya, rana ɗaya, suna a rufe, maki ɗaya. Adalci ne a ɗakin jarrabawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake tsoron alfarma. Sai dai adalcin daga bakin ƙofar ɗakin yake farawa.

Saura tambayar shekarun haihuwa, wadda ta fi sauran ban tausayi. Sharaɗin shekaru ya shigo ne domin a fifita wanda bai maimaita aji ba. Amma yaran karkara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ranar da aka haife su ba. Sai an zo shiga lakkwal ko jarrabawa a je gaban alƙali a yi takardar madadi, a rubuta "wajajen shekara kaza", ko a ba kowa 1 ga Janairu. Wani an ƙara masa shekara biyu saboda tsawonsa, wani an rage masa saboda ubansa ya san yadda abin yake. Shekara goma sha uku bayan haka, wannan ƙiyasi da aka yi da ido a gindin bishiya shi ne zai shiga lissafin burs.

Don haka idan malami ya yi shiru kafin ya amsa wa uban nan, duk waɗannan yake jerawa. Yaron ɗan seri D ne, ya ci da 11 da ɗoriya a zagayen farko, kimiyyar halittu ta yi kyau, lissafi ya ja shi ƙasa, ya maimaita aji ɗaya a koleji. Malamin zai ce masa gurbi a jami'ar gwamnati ba zai gagara ba, wannan haƙƙinsa ne. Likitanci kuwa gurabensa kaɗan ne, masu 13 da 14 suna gaba, kada a sayar da saniya a kan wannan fata. Zai ce a ajiye takardu a fanni fiye da ɗaya, a sa aikin gona ko kimiyya a ciki, a kuma sa kunne ga konkur na makarantun kiwon lafiya da na horar da malamai. Burs kuma a nema, amma a shirya kamar ba za a samu ba, domin ko an samu ba ya zuwa a watan farko. Uban zai yi godiya, ya gyara hularsa, ya fara lissafin buhun gero nawa zai ware bayan kaka, da kuma wane ne cikin ƴan garinsu ke da ɗaki a Maraɗi.